Dodon da Musaddiƙ Ya Zana wa Surukinsa

Musaddiƙ ya dawo daga Kano da wata faffaɗar waya mai girman faranti, da ɗan alƙalamin roba da ake zane da shi a kan gilashinta. Da zai tafi, mai cajin waya ne a bakin kasuwar Kazaure. Da ya dawo, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniyan Zane.

Karatun nasa duka bai wuce wani bidiyo da ya kalla a intanet ba, inda wani mutumin ƙasar waje ya zana doki mai fukafukai kafin shayi ya huce. Musaddiƙ bai ji ko kalma ɗaya daga abin da mutumin yake faɗa ba, amma ya ga hannunsa, ya kuma tabbatar wa 'yan majalisar mai shayi cewa hannun nan bai fi nasa da komai ba, shi ma yatsu biyar gare shi.

Ana cikin haka ƙungiyar ƙwallon unguwarsu, Tsawa, ta kai wasan ƙarshe a gasar matasan yankin, za ta kara da Kunamun Roni. Uban ƙungiyar Tsawa kuwa surukin Musaddiƙ ne, Alhaji Kyari dillalin hatsi, mutumin da in an ci ƙungiyarsa ba ya cin tuwon dare. Abin da ya tsaya wa Alhaji a rai shi ne tutar mutanen Roni. Wani mai fenti ya zana musu baƙar kunama a kan jan ƙyalle, duk filin da suka je sai sun kafa ta, su kuwa 'yan Tsawa ba su da komai sai gwangwanaye da suke bugawa.

Ran nan Musaddiƙ ya je gaisuwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma, ya tarar Alhaji yana wannan ƙorafi. Bai bari an kai ƙarshen zancen ba.

"Baba, kunama ai ƙwaro ce, da silifa ake gamawa da ita," in ji shi. "In ka ba ni izini, zan zana mana halittar da ido bai taɓa gani ba. Kan zaki, fukafukan mikiya, wutsiyar kifin teku, ga wuta tana fita ta baki. Mai tsaron gidan Roni yana ɗaga kai ya gan ta, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa."

Alhaji ya tambaye shi ko ya taɓa ganin zaki. Ya ce ƙwarai kuwa, a gidan namun daji na Kano, ko da yake ranar zakin barci yake ya ba jama'a baya, amma shi ya gama karantar halinsa daga nan. Alhaji ya dube shi, ya tuna cajar da yaron nan ya taɓa ƙona masa. Sai dai son a kunyata Roni ya fi ƙarfin tunaninsa. Ya ce ya yarda, kuma in abu ya yi kyau, a gaban jama'a zai naɗa shi daraktan yaɗa labarai na ƙungiya. Ya ƙara da cewa in kuwa ya ba shi kunya a gaban mutanen Roni, to ya san inda zai kwana.

Kafin la'asar duk unguwa ta ji labari. Musaddiƙ ya gaya wa majalisa cewa ba zai ɗauko ko gashi ɗaya daga intanet ba, don kada 'yan Roni su ce satar fasaha aka yi. Komai na dodon nan ɗan gida ne, haifaffen Kazaure.

Ya shiga ɗaki ya duƙufa. Da ya gama zanen farko ya kira matarsa Ikilima, 'yar Alhajin, ya ce ta faɗi abin da ta gani ba tare da tsoro ba. Ta juya wayar sama, ta juya ƙasa, ta ce ita dai buhun gero take gani an yi masa kunnuwa. Ya ce dama idon da bai yi karatun zane ba haka yake gani. Amma ya goge kunnuwan, ya bar buhun a matsayin gangar jiki, ya ce ai dodo da ƙiba ya fi kwarjini.

Nan ya tuno dabarar mutumin bidiyo. Manhajar zanen hawa-hawa take aiki, kamar a jera fararen ledoji a kan juna. Sai a sa hoton abu a ƙasa, a shimfiɗa wata ledar a sama, a bi layinsa da alƙalami, in an gama a zare hoton a yar, zane ya rage. Abin da ya rage masa kawai ya samo mikiya, da zaki, da kifin teku.

Mikiya ta yi wuyar samu, amma maƙwabciyarsu Goggo Mairo tana da talotalo. Musaddiƙ ya yi sallama ya shiga ya bayyana mata buƙatarsa. Tsohuwar ta ce ba ta hana shi ba, sai dai tsuntsun nan ba ya son baƙi, ko mai karanta mitar wuta daga soro yake juyawa. Ya ce kada ta damu, dabbobi suna gane mai fasaha tun daga nesa.

Talotalon ya gane shi kuwa. Don ya sa shi ya baje fukafukai, Musaddiƙ ya cire jar hularsa ya kaɗa masa a fuska yana fito. Tsuntsun ya kumbura, ya ja ƙafa a ƙasa, ya taso. Suka zagaye rijiya, suka zagaye turmi, Musaddiƙ ya taka tabarmar kuɓewar da Goggo ta shanya, ya yi fatali da ƙwaryar daddawa, ya ɗare katanga ƙafar wandonsa ɗaya a bakin talotalo. Daga can saman ya miƙo waya ya danna hoto.

"Ka samu mikiyar taka?" Goggo ta tambaye shi tana tsince kuɓewa.

"Goggo, da gangan na tsokane shi. Fushin nake so ya fito a hoto."

"To sauko ka ƙara wani, na ga fushin bai ƙare ba."

Ta bayan katanga ya dira, ya zagaya gida da ɗingishi. Hoton kuwa ba fukafukai ya ɗauko ba, bajajjen bindi ne da jan leɓen nan mai reto a wuya. Ya bi layinsu duka ya manna wa buhun, ya ce leɓen zai zama gezar zaki.

Fuska ce ta fi ba shi wahala. Duk zakin da ya zana sai ya fito yana murmushi kamar kyanwar da ta sha madara. Yana cikin wannan tsaki sai ya ga Ikilima tana duba hotuna a wayarta, ta wuce wani da aka ɗauki mahaifinta ranar wasan kusa da na ƙarshe, daidai lokacin da alƙalin wasa ya ba abokan hamayya bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ido ya yi ja, baki a wangame, dogon gashin bakin nan da Alhaji yake murzawa tun yana saurayi ya miƙe hagu da dama. Musaddiƙ ya karɓe wayar, ya ce ashe zaki yana gida yana ta wahalar nema.

"Abban Sadiyya, Babana ne fa," in ji Ikilima.

Ya ce ai ba fuskar zai ɗauka ba, fushin kawai zai ara. Zai bi layin ido da baki, ya ƙara fiƙoƙi da kunnen zaki, ya goge hoton, ko Hajiya da ta zauna da shi shekara da shekaru ba za ta gane ba. Ikilima ta ce ita dai babu hannunta, kuma in magana ta tashi ba ta taɓa jin wannan zance ba. Ya tura hoton wayarsa, ya ɗora a kan wuyan buhun, ya bi layi, ya bar gogewa sai ƙarshen aiki.

Saura wutsiya. Da safe ya nufi bakin dam, wurin Bunu mai kifi, wanda yake zuba tarwaɗa masu rai a babban baho. Ya ce Bunu ya ɗago wadda ta fi girma, ya sa ta lanƙwasa wutsiya ta hagu, irin lanƙwasar fushi. Bunu ya ɗago ta, ta lanƙwasa ta dama. Musaddiƙ ya ce ba haka ba. Bunu ya ce to ya yi mata magana da kansa, shi tun da yake sana'ar nan bai ga tarwaɗar da take jin Hausa ba.

Masu sayen kifi suka fara taruwa. Ganin ido ya yi yawa, Musaddiƙ ya naɗe hannun riga, ya maƙale wayar a hammata, ya ce a ba shi kifin ya nuna yadda ake riƙe shi a ƙasashen da suka ci gaba. Tarwaɗar ta zame, ya cafko ta a ƙirji, ta sharara masa wutsiya a kumatu. Ya ɗaga hannu zai kare, wayar ta sulale ta faɗa bahon. Ya zura hannu yana lalube a cikin kifaye, wata ta soke shi da ƙaya a yatsa. Wata mata da ta zo sayen kifin miya ta tambayi Bunu ko za a riƙa yin wannan wasa kullum ne, ta zo da yaranta.

Ya koma gida da gudu ya binne wayar a cikin robar shinkafar Ikilima, don ya ji an ce shinkafa tana tsotse ruwa. Ran nan da ƙarnin kifi suka ci abincin rana, Ikilima kuwa ta ƙara masa a faranti.

Wayar ta tashi, amma ba yadda take ba. Launuka duk sun koma iri ɗaya, wani ruwan toka-toka kamar kunun kanwa. Wani baƙin tabo ya malale a saman gilashin, ya rufe kan dodon ruf, hoton kuma ya daina yarda a ja shi sama ko ƙasa. Ga wasa ya matso. Musaddiƙ ya zana wutsiyar da ka, tunda ya ji ta a kumatunsa ya san siffarta, sannan ya zauna shafa launi.

Tsarinsa a rai mai kyau ne. Jiki ruwan zinariya, fukafukai baƙi wuluk, geza ja, wuta ja da rawaya. Tunda ba ya ganin launin, sai ya riƙa dangwala alƙalami inda yake zaton a nan kowanne yake. Ikilima ta ce ya turo zanen wayarta su duba. Ya ce a'a, ya san wayar mata, kafin ya ɗaga kai zanen ya shiga zauren hirar 'yan uwa na waya, ga kuma innarta tana aure a Roni. Da ya gama, ya buɗe jerin ledojin nan, ya ga biyu a sama da ba a iya bambancewa, ɗaya hoton Alhaji, ɗaya layin zakin da ya bi. Ya ce ƙwararre ba ya dogon tunani. Ya danna ɗaya ya goge.

Ya kai aikin shagon Nicodemus mai buga katin biki da kalanda. Nicodemus ya ce babban ƙyalle irin wannan sai an aika Kano, ya miƙa hannu zai buɗe zanen a kwamfuta.

"Oga Musaddiƙ, bari mu duba ko sau ɗaya kafin mu tura."

Musaddiƙ ya dafe masa hannu. Ya ce ba rashin yarda ba ne, amma kowa ya san Madam Priscilla, matar Nicodemus, a Roni take koyarwa, kuma miji da mata ba sa ɓoye wa juna magana. Nicodemus ya ɗaga kafaɗa ya tura a rufe. Can an jima mai injin na Kano ya kira, dariya tana hana shi magana, yana tambaya ko sun tabbata haka za a buga. Musaddiƙ ya karɓi wayar ya ce a buga haka, kuma a ƙara girma. Da ya ajiye ya gaya wa Nicodemus cewa haka Kanawa suke, in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu sai su fake da dariya.

Ƙyallen bai iso ba sai ranar wasa, a naɗe, a saman wata motar haya, ana saura kaɗan a busa usur. Fili ya cika maƙil. An zo daga Gwiwa, an zo daga Babura da Achilafiya, 'yan acaɓar Roni sun jera babura kamar ranar kasuwa, kunamarsu tana kaɗawa. Musaddiƙ, cikin babbar rigar aro, ya sa aka ɗaure naɗin a kan dogayen sanduna biyu kusa da rumfar manyan baƙi, aka sako igiya. Ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce masu ciwon zuciya su kau da kai, mata masu juna biyu su koma baya, kuma mutanen Roni in suna son su janye tun yanzu ba wanda zai zarge su. Sannan ya gayyaci uban ƙungiya ya ja igiya.

Alhaji Kyari ba ya gani da kyau daga nesa, amma ba ya sa tabarau a taro, ya ce yana tsofar da shi. Ya taso da mabiyansa a baya suna ta ranka ya daɗe, ya yi bisimilla, ya ja. Ƙyallen ya warware har ƙasa.

Jikin dodon ruwan hoda ne, irin na alewar yara. Bindin talotalon da aka ce fukafukai ne ya fito kore shar kamar ɗanyar miyar kuka. Wutsiyar tarwaɗa rawaya ce, leɓen wuya shuɗi. Wutar da take fita ta baki fara ce sol, kamar wanda ya ƙware da fura ya feso ta. A saman duka kuwa, babu fiƙa babu kunnen zaki, hoton Alhaji Kyari ne tangaran, da hularsa zanna bukar, da jan idonsa, da gashin bakinsa da kowane ɓari ya kai tsawon hannun mutum.

Mabiyan Alhaji da suka riga suka ɗaga hannu za su tafa suka tsaya da hannuwa a sama. Alhaji ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya karɓi lasifikar daga hannun Musaddiƙ da ya daskare.

"Jama'a, na yi yawon fatauci daga Maiduguri har Damagaram," in ji shi, "ban taɓa ganin mummunar halitta irin wannan ba. Ku dubi idanun nan. Ku dubi wannan baki. Wannan ko a mafarki mutum ya gan ta, ya tashi ya yi sadaka."

Ɓangaren Roni ne ya fara fashewa da dariya, sannan abin ya zagaye filin har rumfar manyan baƙi, inda dattawa suka riƙa cusa fuska a cikin hannun riga. Alƙalin wasa ya zauna a kan ƙwallo yana share hawaye. Alhaji ya ɗauka jawabinsa ne ya yi daɗi, ya ƙara da cewa duk wanda ya haɗu da mai wannan fuska a hanya, ya canza hanya. A nan wani dattijo abokin cinikinsa ya kasa jurewa, ya matso ya raɗa masa cewa don Allah ya sa tabarau.

Ya laluba aljihu ya sa. Ya daɗe yana kallo, tun daga hula har wutsiya. Sannan ya juyo a hankali.

"Musaddiƙ, wane ne wannan?"

"Baba, salon zamani ne. Ana nufin kai ne ƙarfin ƙungiya."

"Wannan abin da yake reto a wuyana fa?"

"Geza ce, Baba."

"Gezar wa?"

Daga cikin 'yan kallo muryar Goggo Mairo ta taso, ta ce ta talotalonta ce, ta gane shi, kuma tana son a rubuta sunansa a ƙasa.

Musaddiƙ ya ruga zai sauke ƙyallen. Ya finciki igiya, sanda ɗaya ta tuge, ƙyallen ya rufto ya lulluɓe shi. Ya tashi a ciki yana lalube, ya nufi tsakiyar fili ba ya gani, fuskar surukinsa tana bisa kansa tana rangaji, wutsiyar tana jan ƙasa. Samarin Roni suka bi shi da wayoyi suna ɗauka, suna waƙar Tarwaɗa Mai Hula. Da ƙyar ya fita ta ƙasa ya bar musu babbar rigar a ciki, ya tsallake igiyar fili, ya haye bayan ɗan acaɓar farko da ya gani, ya ce Gwiwa, kuma kada ya tsaya ko an kira shi.

An dai yi wasan. Duk lokacin da ɗan wasan Tsawa ya waiwayi rumfa don ya ji umarnin Alhaji, sai dariya ta kama shi ƙwallo ta wuce. Roni ta tafi da kofi, ta tafi da ƙyallen, suka zagaya da shi cikin gari a kan babura.

A Gwiwa Musaddiƙ ya sauka gidan wani abokinsa, ya ce ya zo hutawa ne bayan babban aiki. Bai sami hutun ba, don duk wayar da aka buɗe a garin dodon ne a ciki, har wani mai gyaran babur ya sa shi a fuskar wayarsa. Bai yarda ya kira gida ba. Duk motar Kazaure da ta tsaya a tasha sai ya shige bayan rumfa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ikilima ta kira shi a wayar abokin. Ta ce Baba bai fita kasuwa ba tun ranar, don yara suna binsa da waƙa. Jiya ya aika aka kira wanzami har gida, ya sa aka aske gashin bakin nan tas, wanda ko ranar aurensa bai bari an taɓa ba. Musaddiƙ ya tambaya ko kayansa suna waje.

Ta ce kayansa suna nan. Baba dai ya ce kada ya kuskura ya gan shi a zaurensa kafin babbar salla. Amma Hajiya Kellu, mahaifiyarta, ta aiko da kwanon dambun nama da saƙo. Ta ce tun tana amarya take roƙon Alhaji ya rage gashin bakin nan, ta sa 'yan uwansa sun yi magana, ta sa abokansa, bai ji ba, sai ga shi yaron nan ya gama aikin da yamma ɗaya. Ta ce a gaya masa Allah ya yi albarka, ya dawo gida, ita za ta san yadda za ta yi da Alhaji.

Musaddiƙ ya gyara zama a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗaga murya yadda masu shan shayin Gwiwa za su ji.

"To ke da kina zaton kuskure ne? Ai tun farko abin da na nufa ke nan."